Gangar Ɗantala da Gonar Jibo

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ruwan Bago ya san sautin gangar Ɗantala tun kafin ya san fuskarsa. Gangar noma ce, gadon ubansa, wanda ya taho da ita daga Tudun Kaya ta ƙasar Ƙaraye. Shi Ɗantala ɗan guntun mutum ne mai surutu, har ana tsokanarsa cewa gangar ta fi shi tsawo. Amma in damina ta zauna, ciwo ko tsufa ya hana wani nome gonarsa, wajensa ake zuwa. Ana idar da sallar asuba sai ya tsaya bakin masallaci ya saki kiɗan gayya. Ba a bin gida-gida. Kowa ya saɓa fartanya ya bi sauti.

Amininsa shi ne Jibo, Bafulatani mai 'yan shanu da gonar dawa a bayan gari. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Kaɗo mai cin tuwon banza," in ji Jibo, "kowa na duƙe, kai kana dukan fata."

"In ban daki fatar ba, Fillo, ko kunya ɗaya ba ka kaiwa ƙarshe."

To, sai zaɓe ya ƙarato. Shitu, shugaban jam'iyya mai mulki a mazaɓar, ya nemi Ɗantala ya raka su taro garin Rogo. Shi a ganinsa ba wani abu ba ne, ya yi wa masu suna kiɗa, ya yi wa masu biki. Da ya ga jama'a sun yi sanyi, sai ya jawo kiɗan da ya san yana tayar da mutane, wato na gayya, ya sa sunan ɗan takara a gurbin da yake sa sunan gwanayen noma. Aka ɗauka a waya, aka ɗora a lasifikar motocin kamfe. Da wannan kiɗan motoci suka shigo ƙauyen ranar da aka yi faɗa, aka fasa kawuna, aka ƙone rumfar da 'yan adawa ke zama. Jibo kuwa ɗan adawa ne.

Zaɓe ya wuce, gari bai koma daidai ba. Mai shayi ya zama biyu. Sahu ɗaya ake bi a masallaci, liman ya yi wa'azin haƙƙin maƙwabci kowa ya gyaɗa kai, a fito kowa ya nufi inuwar mutanensa.

Daminar da ta biyo, ɓarin jikin Jibo ya shanye, dawarsa na jiran noman farko. Matarsa Bara'atu ta zo zauren Ɗantala ta durƙusa.

"Malam, ciyawa ta fara haɗiye dawar. In ta tafi, ba mu da abin kaiwa baɗi."

Ɗantala ya fara da Abdulmutalib, jagoran 'yan adawa.

"Baba, Jibo namu ne, haƙƙinsa na wuyanmu," in ji shi. "Amma yaranmu ba za su fito da wannan kiɗan ba. Da shi aka zo aka ƙona mu. Bari, za mu sa tamu ranar."

Ɗantala ya wuce wajen Shitu.

"Taimakon mara lafiya ai addini ne, Baba. Sai dai in yarana suka shiga gonar Jibo, kafin la'asar za a kai sama cewa mun sauya sheƙa."

Duk da haka Ɗantala ya ce wa Bara'atu ta dama wa 'yan gayya kunu. Da asuba ya tsaya inda ya saba, ya yi ta kiɗa har rana ta fito. Mutane suka riƙa ratsa shi suna gaishe shi da ladabi, kowa ya nufi gonarsa. Ya kira sunayen gwanayen noma ɗaya bayan ɗaya, da na ubanninsu. Ba wanda ya waiwayo.

Ya ajiye ganga, ya ari fartanyar Jibo, ya tafi shi kaɗai. Mutumin da ya tsufa bai saba duƙawa ba, me zai nome? Da yamma ya leƙa ɗakin abokinsa.

"Kaɗo, na ji ganga," in ji Jibo, bakinsa a karkace. "An taru?"

"Ana kai."

Jibo ya dubi tafin hannun Ɗantala da ya kumbura ya fashe. "Har kai ka kama fartanya," ya ce, ya juya fuska bango.

Ranar Abdulmutalib ba ta zo ba. Ciyawa ta fi ƙarfin Ɗantala, dawar ta yi ja ta tsaya a gwiwa. Jibo bai ga kaka ba.

Ranar da ya rasu, ba wanda aka kira. Yaran Shitu da na Abdulmutalib suka fito da fartanya da diga, suka haƙa kabari tare, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan. Hanyar maƙabarta ta gefen gonar Jibo take bi. Aka wuce da makara, ba wanda ya dubi ɓangaren.

Gangar na nan rataye a zauren Ɗantala. Ɓera ya huda fatar tun bara, bai sa an sake ta ba.