Sabon Jirgi da Kalmar "Absorb"

Ɗazu 'yata ta ɗago kai daga littafi ta tambaye ni ma'anar "absorb". Na ce mata tsotsewa, kamar yadda ƙasa ke shanye ruwa, kuma ana faɗinta in karatu ya shige mutum. Sai na tuna inda na fara jin kalmar.

A Warra ne, lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato. Na faɗi jarrabawa, malaminmu na Turanci ya biyo ni har bakin ruwa, inda Baba ke gyaran komarsa ta kamun kifi.

"Baba, yaron ga ba ya absorbing," in ji shi. "Wato karatu ba ya zama cikinshi. Ko dai a mai da shi ga kamun kifi?"

Ni ma abin da nake so ke nan.

Baba ya nuna masa sabon jirginmu da aka nutsar a gefe, bakinsa kawai ake gani.

"Malam, sabon jirgi duk yoyo shikai. Ba mu hid da shi. Barin shi mukai cikin ruwa har katakon ya sha ya kumbura, mahaɗan su liƙe. Ku bar yaron wurinku."

Malam ya ce to. Na maimaita aji ina jin haushinsu su biyun.

Jirgin nan ya daɗe da ruɓewa. Ni kuwa yau ni ake tambaya ma'anar kalmar.

Ku wa ya bar ku cikin ruwa lokacin da kuke yoyo?