Shibrar Gonarmu

Geronmu bai taɓa yin kyan gani ba. Duk wanda ya bi ta gefen gonarmu a Achika sai ya taɓe baki, don wata zangarniyar doguwa ce, wata guntuwa, wata mai gashi, ga shibra cirko-cirko a tsakani. Shibra ita ce geron nan mai siririn kai kamar na daji, wanda da ya nuna yake zubar da ƙwayarsa ƙasa tun kafin girbi. Manoma tumɓuke ta suke yi. Baba kuwa barin ta yake yi, har in ya zo zaɓen iri sai ya cusa 'yan kawunanta cikin damin. Inna ta ce shekarar da rumbu ya ƙare damina na tsaka, shibra ce ta riga komai nuna, da kununta aka raya ni da Yaya.

Bayan rasuwar Baba, Yaya, babban wana, ya kawo sabon iri, wanda tsayinsa ɗaya, nunarsa rana ɗaya. Ni lokacin ina koyarwa a wata firamare a Wudil, ina zaune a Sabon Gari. Maƙwabciyata 'yar Filato ce, tana aikin binciken tsirrai a jami'a. Ita ta gaya mini cewa gero asalinsa ciyawar daji ne, shibra kuma 'yar da aka haifa ce tsakanin na gida da na dajin. Ta ce shi kansa sabon irin daga tsofaffi irin namu aka fitar da shi, ranar da suka ƙare kuwa babu wurin komawa a ɗebo. Na ji maganarta, amma ko ba ta faɗa ba, damin irin da ya rage a rumbunmu hannun ubana ne ya ɗaure shi.

Wata Asabar na je gida, tun daga zaure na ji lugude. Na tarar an sauko da damin irin Baba daga rumbu, an sussuke, an sheƙe. Matar Yaya ta zuba shi a turmi, ta ɗauko ruwa za ta yayyafa ta surfa. Sussuka ba ta kashe iri, amma in aka surfe shi sai dai tuwo. Ban ko yi sallama da kyau ba na kifa tafukana a bakin turmin.

Matar Yaya ta ce, “Malama, lafiya? Yayanku ne ya ce a yi fura da shi.”

Na ce, “To a haɗa da hannuna.”

Yaya ya fito daga ɗaki yana dariya. “Ke da ko fartanya ba ki iya riƙewa, me za ki yi da tarkacen gero?”

“Shukawa zan yi, Yaya.”

“A ina? A filin makaranta?”

“A rabona na gado.”

Dariyar ta ɗauke. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, kuma har yau ban yi nadama ba. Inna na zaune a kan tabarma, ta turo mini ƙwaryarta da ƙafa, na kwashe geron tas.

Aka yanka mini siririyar gona jikin ta Yaya. Na sha tsokana. In na sauka daga mota da takalmin roba, matasan bakin hanya su ce ga sarkin noma ta iso. Shekarar farko rabin irin bai tsiro ba, don ya daɗe a ajiye. Gonar Yaya kuwa, gaskiya ɗaya ce, ta fi tawa amfani nesa ba kusa ba, kuma har bana haka ne. Ban taɓa ce masa ya bar irinsa ba. Nawa na ce a bar mini, don iri in ba a shuka shi mutuwa yake yi, kuma a duk yankinmu ban san wani mai shi ba.

Bara, gab da girbi, ya same ni a kan iyaka da wani siririn kai a hannu. Ya ce a tsakiyar gonarsa ya tsinko shi, shibrata ce ta zubo ta ƙetara.

“Ko ki tumɓuke ƙazantar nan daga gonarki, ko in sa a nome ta badi. Na gaji da dariyar mutane.”

Na ce, “Yaya, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Da kunun ƙazantar nan ka yi ƙashin da kake tsaye a kai. Ka tambayi Inna.”

Ya daɗe yana juya kan shibrar, ƙwayarta na zuba a kan takalminsa. Bai ce ya janye ba, ni ma ban roƙe shi ba. Na miƙa hannu na karɓa kafin ta zube duka, na murje ragowar cikin ƙwaryar Inna da ke hannuna, cikin irin badi.