Baftisma a Lambun Buzu

Ina da shekara arba'in da uku aka yi mini baftisma, a Arlit, cikin ramin siminti da wani Buzu yake tara ruwan ban ruwa.

A gidan Kirista aka haife ni, can wajen Maradi, don haka ban taɓa tambayar kaina kome ba. Na zo arewa neman aiki, na samu tuƙin kar, wato bas ɗin da ke kai ma'aikata bakin ramin haƙar ma'adinai na Akokan. Ranar Lahadi in sa riga mai tsabta in je majami'armu, ɗaki guda mai rufin kwano, in zauna a bencin baya. Ba na sata, ba na shan giya, ina aika wa tsohuwata abinci. A ganina na gama da Allah.

Da aka rufe ramin, mutane suka watse. Wasu suka koma gida, wasu suka nufi Tchibarakaten neman zinariya. Muka rage mu goma sha ɗaya, har ba sauran bencin baya da mutum zai ɓuya. Fastonmu mai walda ne, da ita yake ci da iyalinsa. Wata rana na kai masa ƙofar gidana da ta ɓalle, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Ɗan'uwa, in Allah ya tambaye ka dalilin da zai karɓe ka, me za ka ce?"

Na lissafa masa halayena. Ya saurara har na ƙare.

"Duk da kyau," in ji shi. "Amma ba su ne za su cece ka ba, bangaskiyar babanka ma ba gado ba ce. Yesu Almasihu ya mutu saboda zunubinmu, ya tashi. Ceto kyauta ne, karɓa ake yi."

Na ji haushi. Na ɗauki ƙofata na tafi, ban ko yi masa sallama ba. Sati uku ina karanta Maganar Allah don in samo abin da zan ƙaryata shi, ina zaune ba aiki, matata tana soya ƙosai tana riƙe da gidan. Ban samu ba. Abin da na gano shi ne na daɗe ina taƙama, kuma na gaji da ita. Na koma na ce masa na ba da gaskiya, ina son baftisma.

Sai maganar ruwa. Mu nutsar da mutum muke yi, ga shi garin ba kogi ba tafki. Matata ce ta tuna da Buzun da take sayen tumatir da salati a wurinsa, dattijo Musulmi mai lambu a bayan gari. Na je ina jin nauyi, na yi masa bayani dalla-dalla don kada ya ce an ɓoye masa wani abu.

Ya gyara rawaninsa ya ce, "Rijiya tawa ce, amma ruwa ba nawa ba ne. Ku zo da safe kafin in sake shi cikin lambu."

Muka je da hantsi. Ya riga ya kwashe ganyen da ke kan ruwan, ya ja gefe ya ba mu wuri. Ruwan ya kai mini ƙugu, da sanyi ƙwarai. Fasto ya tambaye ni gaban jama'a ko na dogara ga Yesu shi kaɗai. Na ce i. Ya tuna mana cewa ruwan ba ya wanke zunubi, shaida ce kawai ta abin da ya riga ya faru a zuciya. Ya nutsar da ni, ya ɗago ni. Matan suka kama waƙa, matata tana kuka tana dariya.

Da muka gama, dattijon ya kawo mana shayi, ya ƙi karɓar kome. Fasto ya koma kudu bara, lambun kuma ɗan dattijon ne yake kula da shi yanzu. Ni ina kabu-kabu, ranar Lahadi kuma ni nake karanta wa waɗanda suka rage Maganar Allah. Duk lokacin da muka yi addu'a, ina sa mutanen nan biyu, fasto da dattijon, a ciki.