Ƙwayar da Dokta Ya Ba Matarsa

Dokta bai taɓa shiga ajin likitanci ba, ko da don fakewa ruwan sama. Shara ya yi a asibiti har kansa ya yi furfura, yana goge barandar ɗakin magani, kunne a miƙe. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da tsohuwar farar riga da sunan da ya raɗa wa kansa. Unguwa kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, don kowa na son likitan da ba a bin layi a wurinsa.

Iliminsa kaf a gwangwanin madara yake. Duk wanda ya warke ya bar ragowar ƙwaya, Dokta zai karɓe ya zuba a ciki. Shi a ganinsa cikin mutum buhu ne, duk abin da ka jefa zai sami wurin zama. Ciwo biyu, ƙwaya biyu, shi ke nan an gama karatu.

Matarsa na fama da asma tun tana budurwa. In ƙirjinta ya toshe, sai ta shaƙi maganin fesawa ya buɗe, amma ya bar mata bugun zuciya da rawar hannu. Rannan tana wanke-wanke ta yi kuskuren faɗa masa.

"Wannan ai aikin yara ne," in ji Dokta, ya ɓallo ƙwayarsa ta hawan jini, irin mai kwantar da bugun zuciya.

"Malam, likita fa ya ce kada in haɗa da komai."

"Wane likita? Yaron da ni na nuna masa banɗaki ranar da ya kama aiki?"

Ta haɗiye. Zuciya ta lafa, kan Dokta ya kumbura.

Washegari da hantsi tana kakkaɓe katifa, ƙura ta shaƙe ta. Ta fesa, shiru. Ta sake fesawa, ƙirji sai kukan usur yake, leɓɓanta suka fara yin baƙi. Dokta ya tsaya yana girgiza maganin a kunne yana cewa jabu ne. 'Yarsu ce ta fita ba takalmi ta tare mota.

A asibiti, bayan an sha wuya numfashi ya dawo, likitar da ta karɓe ta ta ja Dokta gefe.

"Baba, a hanyar numfashi akwai gurbin da maganin fesawa ke shiga ya buɗe ta. Ƙwayarka ba zuciya kaɗai take zuwa ba, har wannan gurbin take toshewa, kamar makullin da ya karye a cikin kwaɗo. Maganin Mama ya zo bai sami wurin shiga ba."

"Ai na sani," in ji Dokta. Wallahi haka ya ce, ko kunya babu.

Da masu dubiya suka cika ɗakin, ya gyara murya ya shiga yi musu bayanin yadda magungunan zamani suka lalace. Matar na kwance, bututun iska a hanci, tana jin komai. Can ya ɓare lemo ya miƙa mata a gaban jama'a. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa mayar masa da hannu ba.

Ta dubi lemon, ta dubi hannun.

"Ajiye, Malam," ta ce da ƙyar. "Bari 'yarka ta zo ta ba ni."