Ƙaramar Tagar da Mama Ta Ce In Buɗe

Ko na tsufa na fara manta sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na yi ta zagaye gidan mutane ina neman taga. A lokacin ina aikin kula da tsofaffi a birnin Greensboro, can ƙasar waje, aka tura ni wani katafaren gida a unguwar Irving Park, wajen wata tsohuwar Baturiya da nake kira Mama. Jikinta ya ƙare, amma bakinta na nan daram.

Hirarta ɗaya ce kullum: gidan da aka haife ta, a wani gari can cikin duwatsun Turai masu ƙanƙara. Ta ce kakanninta masu sarauta ne, sun yi arziki da fataken da ke ratsa duwatsun, suka ɗauko magina daga Italiya shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Kaurin bangon har mutum ya zauna a bakin taga ya miƙe ƙafa. Tsakar gidan an kewaye ta da ginshiƙan dutse, an kankare farar ƙasar bangon an fitar da zane, kusan irin adon tsofaffin gidajenmu na Zariya. A sama akwai ɗaki na katako zalla, da murhun tangaran da ya fi mutum tsawo. Ni dai ina goge mata ƙafa ina cewa "to", rabin hankalina na kan tuwon da zan tuƙa.

Wata safiya cikin sanyi ta ƙi cin komai. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hau matakalar dutse, ki wuce murhu, ki buɗe mini ƙaramar tagar."

Na hau sama. Matakalar katako ce da kafet, murhu kuwa babu ko alamarsa. Na buɗe tagar banɗaki na dawo. Ta girgiza kai. Na buɗe ta kicin, ta ce ba ita ba ce, ta fara kuka. Wallahi kaina ya ɗaure. Iska take so? Ita da ke rawar sanyi cikin bargo? Na kira maigidana yana wajen aiki.

"Ke, kada ki sa mata pneumonia, sanyi ya kama mata ƙirji, su kore ki," in ji shi. "Ki kira daughter ɗinta mana."

'Yar ta taso daga Summerfield. Da na faɗa mata, ita ma ta tsaya tana kallona, muka zama ruɗaɗɗu biyu. Can ta je ta ciro hoton gidan da aka haifi Mama daga bangon falo, ta nuna mini wani ɗan rami can sama, an toshe shi da katako, bai fi tafin hannu ba. Ta ce ta tuna: a garin su Mama, idan mutum zai mutu, ana zare katakon don rai ya sami hanyar fita.

Na san mala'ikan mutuwa ba ya jiran a buɗe masa taga. Amma ga mace tana tsoro, tana neman gidan ubanta, kuma teku ne a tsakani. Na koma wajen Mama, na ɗaga kai na ga wani ɗan gilashi a saman tagar ɗakinta, fenti ya liƙe shi. Na hau kujera da wuƙar kicin na yi ta kankara har ya buɗe. Sanyi ya sauko mata a fuska. Ta lumshe ido ta ce, "Ita ce." Kafin la'asar ta cika.

Da na koma gida na tara yarana, na hau ba su labarin gidan kakana, zaure bayan zaure, har rijiyar da ke bayan ɗakin kaka. Suna ta amsa mini da Turanci suna hamma, ban fasa ba, har yau kuma ban daina ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda ya tsufa a ƙasar wasu, gidan da aka haife shi zai nema a ƙarshe. Ba na so in ce a kai ni zaure, 'ya'yana su tsaya suna kallon juna.