Yadda Sarauniyar Casiano Ta Kai Amarya Coci

Duk wanda ya san Casiano Yucra a ƙauyenmu na saman Potosí ya san labarin batir. A wani Yuni ne, lokacin da sanyin wajenmu ya fi tsanani, ya tsiri cire batirin motarsa kowace yamma, ya naɗe shi a zani kamar jinjiri, ya kwantar da shi tsakaninsa da matarsa Eleuteria. Ta zuba masa ido, har ranar da ta juya cikin barci ta daki abin da gwiwa. Gari na wayewa ta tsaya a kansa tana ɗingishi.

"Tsoho, gadon nan na mutum biyu ne. Ɗaya zai fita."

"Haba tsohuwa, sanyi ne ke shanye masa ƙarfi. Ke ai kina da kitse, shi kuwa ba shi da ko ɗigo."

Wannan maganar ce ta kashe shi. Eleuteria ta dube shi, ta dubi batir, ta ce ta riga ta zaɓa: batir ba ya minshari, ba ya jan bargo, ƙafarsa ba ta wari. Batir ya zauna a gado. Casiano ya koma madafa yana kwana da ɓerayen Masar da take kiwo don miya, har sai da mura ta kwantar da shi aka yi sulhu.

Haka mutumin yake. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, kullum kumatunsa cike da ganyen koka da mutanenmu ke taunawa kamar goro, kullum kuma faratansa baƙi. Motarsa tsohuwar a-kori-kura ce mai shan dizal, ya sa mata suna Sarauniya, da ita yake jigilar dankali da tumaki da duk wanda ƙafarsa ta gaji. 'Ya'yansa sun girma sun watse bai taɓa sanin wanne ke tari ba, amma tarin Sarauniya daga bayan katanga yake gane shi. In ka yi kuskuren tsaya masa da safe, sai ka sha karatu.

"Ka kasa kunne, ba a tambayar mota da guduma. In ka murɗa makulli inji ya juya da ƙyar kamar ni ina tashi daga ƙasa, batir ne. In ya juya da ƙarfinsa, farin hayaƙi na fita ta salansa amma ya ƙi kamawa, fulogan hita ne suka mutu. In kuwa ya kama, ya yi tari, ya mace, to mai ne ya daskare, ya koma kamar kitsen tunkiya a kwanon jiya."

Kuma gaskiya yake faɗa, abin haushin ke nan. Da ƙarya yake yi da mun huta.

Abokin hamayyarsa shi ne compadre ɗinsa Remigio Colque, wanda ya riƙe masa ɗan fari ranar baftisma, ya kuma yi ta goranta masa tun daga lokacin. Remigio na da 'yar jar mota mai shan fetur, murɗa ɗaya take tashi ko ƙanƙara na zuba. Da bikin Zenobia, 'yar ƙanen Eleuteria, ya tashi, aka raba ubangidanci yadda aka saba, kowa ya ɗauki nauyin abu ɗaya: wannan zobe, wancan makaɗa, wata kek. Na mota kuwa su biyu suka nema, aka ba Casiano. Shi zai ɗauki amarya ya gangara da ita cocin kwari, inda fada ke zuwa sau ɗaya a wata, ba ya kuma jiran kowa.

Remigio ya ce ba komai, shi ma zai zo ya ajiye tasa a ƙofar gida, ko da za a buƙata.

Jajibirin biki aka wanke Sarauniya, aka ɗaura mata furanni da farin yadi, aka zuba wa tayoyinta giya don Uwar Ƙasa, wadda muke yi wa sadakar abin sha, ta sha ta bar hanya lafiya. Uwar Ƙasa ta samu kwalba guda. Sauran kuwa, maza suka taya ta sha.

Da safe ruwan kwatarniya ya zama dutse. Casiano ya fito cikin kwat ɗin da ya yi aure da ita, maɓallan na neman ceto, ya ɗaura batir, ya zauna, ya murɗa makulli rabi, ya jira fitilar hita ta mutu, sannan ya ƙarasa. Sarauniya ta kama, ta yi tari, ta girgiza furanninta, ta mace. Ya sake. A karo na gaba ko tarin ba ta yi ba, juyawa kawai take yi.

Remigio na jingine da jar motarsa, ya ma buɗe ƙofar baya yana kaɗe kujera da hularsa.

"Compadre, ko in kawo mata shayi?"

"Kawo wa bakinka."

Uwar amarya ta leƙo, ta dubi sama, ta ce in rana ta sauko kan katangar garke mota ba ta tashi ba, 'yarta za ta shiga ta Remigio, don ba za ta ajiye tukwanen abinci wata guda saboda girman wani ba. Casiano ya dubi katangar. Ya san in Zenobia ta shiga jar motar nan, har a kan kabarinsa sai Remigio ya ba da labari.

Ya tuɓe kwat ya miƙa wa wata tsohuwa, ya shiga lissafi da ƙarfi don kowa ya ji. Ba batir ba ne, ga shi yana juya inji kamar saurayi. Ba hita ba ce, ai ta kama da fari. Saura mai. Amma mai ta yaya, bayan shi da hannunsa ya tsarma masa kananzir tun farkon sanyi? Ya kwance 'yar kusar ƙasan filta don ya ga abin da zai ɗigo. Ko ɗigo. Ya cire kofin gaba ɗaya, ya juya shi a tafin hannu, sai ga dunƙulen ƙanƙara ruwan ɗorawa ya faɗo. Ya shinshina. Ya lasa. Ya miƙe a hankali.

"Giya ce. Wani ya zuba wa motata giya a tanki." Ya juya ga Remigio. "Kuma na san wanda ke son ta kwana."

"Ni in ɓata giya a kan wannan gwangwanin? Compadre, zage ni da wani abin."

Aka fara ɗaga murya, dangi suka rabu biyu, makaɗa suka ajiye ƙahonni don su ji da kyau. Sai Eleuteria ta fito daga madafa da ludayi, idanunta jawur da hayaƙi.

"Tsoho, rage murya. Jiya da yamma wa ya rungume bayan motar nan yana kuka, yana cewa tayoyi sun sha, ita baiwar Allah ko kurɓi ba a ba ta ba? Wa ya buɗe murfin tanki ya ce sha, uwata, sha, ke kika ciyar da mu?"

Casiano ya ce bai tuna ba. Mata uku suka ce su sun tuna. Ɗaya har ta kwaikwayi kukan.

Rana ta kusa taɓa saman katanga. Magani ɗaya ne, a narkar da ƙanƙarar ƙasan tanki a tsiyaye ta. Wuta a fili kuwa ba ta yiwuwa da wannan yadi da furannin takarda. Idonsa ya faɗa kan murhu, inda duwatsun miyar kalapurka suka kwana a garwashi, waɗanda za a jefa cikin miyar masara ta tafasa a gaban kowane baƙo. Duwatsun Eleuteria ne, gadon uwarta.

"Tsohuwa," ya ce da wata murya da rabon a ji ta tun yana neman aurenta, "ara mini."

"Baƙi su sha miya ba dutse, a ce Eleuteria ta tsufa?"

"Zan dawo da su da zafinsu."

"Faɗa wa jama'a wa ya shayar da mota."

Ya dubi katanga, ya dubi Remigio da ke riƙe da ƙofa, ya cire hula ya faɗa. Ta ce na baya ba su ji ba. Ya sake faɗa.

Aka kwaso duwatsun a kan fallen kwano aka tura ƙarƙashin tanki, aka tsoma filta a butar ruwan zafi. Casiano ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya sassauta kusar tanki. Da fari shiru, sannan giya ta fara tsiyaya ta bi masa hannun riga har hammata, bayanta dizal mai tsabta. Ya ɗaure, ya mayar da filta, ya yi ta danna famfon hannu yana roƙon Sarauniya gafara. Ya murɗa. Ta yi tari, ta yi gyatsa, ta tashi da wata ƙara da ta kori karnuka, ta turnuƙe jar motar da baƙin hayaƙi. Zenobia ta tattare rigarta ta hau gaba tana dariya.

Sun iske fada yana duban hanya, amma bai tafi ba. Aka ɗaura aure. A ƙofar coci Remigio ya tara mutane ya dasa sabuwar gardama, wai ubangidan mota na gaskiya ba ya kawo amarya a cikin mashayiya, wai a rubuta a tarihi cewa motar Casiano sai da aka yi mata gashi kafin ta iya tashi daga maye. Casiano ya bar shi ya gama, ya gyara ganyen kumatunsa.

"Compadre, sau ɗaya ta sha a rayuwarta, ta kuma tashi ta kawo amarya da ƙafafunta. Kai ranar naka auren a baro aka turo ka a buge, ni na riƙe hannun baron ɗaya."