Mai Gadin Akwatin Aksentiye

Obrad na ƙauyen Leskovitsa maƙerin gangunan katako ne, irin waɗanda ake zuba giyar rakiya a ciki. Bai iya karatu ba, bai taɓa taka Belgrade ba, kuma shekara ashirin da biyu ya yi yana riƙe da mutum ɗaya a zuciya: Gospodin Aksentiye, wato Maigida Aksentiye, kum ɗin gidansu, ubansu na baftisma.

Gidan su Aksentiye ne ke riƙe jariran gidan su Obrad a coci ranar baftisma, su raɗa musu suna, tun zamanin kakanni. Kum kuwa ba a zaginsa, ba a ɗaga masa hannu, ba a kai ƙararsa. Ko karensa ne ya shigo gida, ba a jifa.

Lokacin da Obrad ke saurayi, Aksentiye ne shugaban gunduma, zaɓe kuma da baki ake yi. Mutum ya tsaya gaban teburi, ya cire hula, ya faɗi sunan wanda yake so, 'yan sanda na kallo. Tanasiye, wan Obrad, ya faɗi sunan malamin makaranta maimakon na mutumin gwamnati, ya ƙara da cewa, "Shi dai ba ya cin kajinmu." Aka bushe da dariya. Kafin rana ta yi tsaka an kwantar da shi a benci a ƙofar coci, sanda ashirin da biyar. Uwarsu ta durƙusa ta kama gefen rigar Aksentiye.

"Kume, kai ka raɗa masa suna."

"Shi ya sa, baiwar Allah. Talaka yaro ne, gwamnati ce ubansa. Wanda ya raɗa suna, shi ke da horo."

Tanasiye ya yi ta fitsarin jini har ƙarshen hunturu, ya mutu kafin bikin Ista. Aksentiye ya aiko da kyandir mai tsada.

Daga nan ya haura Belgrade. Sau biyu yana ministan cikin gida. Ya rufe jaridu, ya tsaya a Majalisa ya ce ba a miƙa wa mai kiwon alade ragamar ƙasa, fadar sarki ta rataya masa lambar yabo. Obrad yana jin duk wannan a mashaya, inda limamin coci ke karanta wa mutane jarida. Duk haihuwar da matarsa Stamena ta yi, sai ya aika wa kum, kum ya turo magatakarda da suna a takarda.

"Wai kai ba ka da zuciya ne?" in ji Stamena. "Yara biyar, duk sunan da makashin wanka ya zaɓa."

"Zuba min miya, mace."

Sai aka sake tsarin mulki, fada ta yar da Aksentiye kamar tsohon takalmi. Ya dawo gunduma neman kujerar Majalisa, wajen mutanen da ya kira yara. Zaɓe ma ya sauya, kowane ɗan takara da akwatinsa. Yanzu ƙwallon roba ake ba mutum, ƙarami kamar goro, ya dunƙule hannu ya cusa a kowane akwati, ya saki a wanda yake so, ba mai gani. Da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba, kowane akwati yana da mai gadi da zai riƙa faɗa wa mai zaɓe na wane ne.

Wata safiya Aksentiye ya shigo rumfar Obrad yana dogara sanda.

"Kume Obrad, ka tsufa."

"Aiki ne, kume. Ku kujera ce ta tsofar da ku."

Aksentiye ya yi dariya. "Bakin gidanku bai mutu ba. Ina wan nan naka mai barkwanci? Yana nan?"

Obrad ya ajiye guduma a hankali. Ashe mutumin ya ma manta.

"Ya kwanta dama, kume."

"Allah ya gafarta masa. Ina son mai gadin akwati da ƙauyen nan ya yarda da shi. Aikin ba wuya. Ka faɗa musu na wane ne, gaskiya kawai."

"Gaskiya kawai," in ji Obrad.

Ranar zaɓe Obrad ya sa farar riga ya tsaya bayan akwatin a ɗakin makaranta. Mutum na farko ya matso da hannu a dunƙule.

"Wannan akwatin Gospodin Aksentiye ne, kum ɗinmu, wanda ya raɗa wa Tanasiye suna, ya sa aka yi masa ashirin da biyar a ƙofar coci."

Shugaban zaɓen ya buga teburi. "Kawu Obrad, suna kawai ake faɗa."

"Ai sunan ke nan, ɗana. Haka muke kiransa a gida."

Shugaban kuwa ɗan wancan malamin makarantar da Tanasiye ya zaɓa ne. Ya duƙar da kai kan takardunsa, ya ƙyale shi. Obrad ya maimaita sau ɗari biyu da sha huɗu, har muryarsa ta dushe. Samarin da ba su san Tanasiye ba suka riƙa tambaya a layi, tsofaffi suna ba su labari, suna nuna musu inda bencin yake a da.

Da yamma Aksentiye ya zo a keken doki don ganin ƙirga. Aka juye akwatin farko a tasa, ƙwallaye suka zubo kamar ƙanƙara. Aka juye na Aksentiye. Guda ɗaya ta faɗo, ta yi tsalle, ta zagaya tasar ta tsaya. Aka girgiza akwatin, babu ƙari. Ba wanda ya yi dariya. Aksentiye ya daɗe yana kallon ƙwallon.

"Ta wa ce?"

Obrad ya ce, "Tawa ce, kume. Mutum ba ya ƙin kum ɗinsa."

A gaban mutum ɗari biyu, dole tsohon minista ya miƙa hannu ya yi godiya. Obrad ya riƙe hannun ya ƙi saki da wuri.

Labarin ya zaga gunduma, Aksentiye bai sake neman kujera ba. Bayan shekara uku ya mutu a gidan gonarsa. Obrad ya ɗauki kusurwa ɗaya ta akwatin gawar kamar yadda ya wajaba a kansa, ya ci dafaffiyar alkamar da ake rabawa a makoki, ya nemi ƙarin nama. Limamin coci ya matsa masa ya tuba. Obrad ya ce a nuna masa ƙaryar da ya yi tukuna. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, da haƙoransa da cin abincinsa, bai kuwa tuba ba.